Gargoyil: daga ina sunan ya fito, kuma mene ne aikinsa a jikin gini?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan dodannin nan ne na dutse da ke leƙowa daga saman tsofaffin majami'un Turai masu salon Gotik, wato salon dogayen gine-gine masu manyan tagogin gilashi, waɗanda Turawan Ingila ke rubuta sunansu gargoyle, Faransawa kuma gargouille. Wasu na cewa ma'anar sunan ita ce mai korar aljanu, wasu kuma na cewa sunan wani dodo ne da aka kashe a Faransa. Wanne ne daidai? Sannan ko duk dodon dutse da ke jikin gini haka ake kiransa?

Malam Mai Nahawu:
Wa alaikumus salam. Duka biyun babu wanda yake shi ne asali. Kalmar ta tsohon Faransanci ce, kuma ma'anarta maƙogwaro. A ƙarshen ƙarni na 13 an riga an same ta a rubuce, da siffar gargoule, ana nufin mafitar ruwan rufi. Gaɓar farko, garg, kwaikwayon ƙarar ruwa ne a maƙoshi, kuma danginta na da yawa a harsunan da suka fito daga Latin. Mutanen Sifaniya na ce wa maƙogwaro garganta. Faransawa na cewa gargouiller idan ruwa na ɓulɓula a bututu ko ciki na ƙugi. A Latin kuma akwai gurgulio, wato maƙogwaro. Rabin kalmar na biyu kuwa masu ƙamus da dama na danganta shi da goule, bakin dabba, daga gula na Latin. Daga Faransanci Ingilishi ya ara.

Sauran harsunan Turai sun ƙara fito da abin fili. Jamusawa na cewa Wasserspeier, mai tofar da ruwa. Italiyawa na cewa doccione, daga kalmarsu ta magudanar ruwa. Babu dodo ko aljani a cikin ko ɗaya, ruwa ne da hanyar fitarsa.

Injiniyan Gini:
Malam ya gama magana a kan suna. A taƙaice, ƙanwata, gargoyil indararo ne. Aikin da indararo ke yi a soron ƙasa, na tura ruwan rufi nesa don kada ya bi jikin bango ya cinye gindinsa, shi ne dai aikinsa. Bambancin kawai na dutse ne, kuma an sassaƙa shi da siffar dabba ko mutum. Idan kika hau sama kika duba bayansa za ki ga kwari an fafe tun daga wutsiya har wuya, daga nan rami ya ratsa kai ya fita ta baki. Dogon wuyan da kike gani ba don ado aka ja shi ba, tsawon da ake buƙata ne don ruwa ya wuce fuskar bango.

Ɗan Damagaram:
Malam Mai Nahawu, to ina gargara tamu, da ake cewa mutum na gargarar mutuwa? Ai kunne na jin kusancin.

Malam Mai Nahawu:
Kunnenka ya ji daidai, amma a yi hattara. Gargara daga Larabci muka aro ta, gargara da harafin gaini, wato kai-komon ruwa ko numfashi a maƙoshi. Girkanci ma na da gargarizein da ma'anar kurkure maƙogwaro. Kamannin ba ya nuna cewa Faransawa daga Larabawa suka karɓa, ko Larabawa daga Girkawa. Kalmomin kwaikwayon sauti haka suke, maƙogwaron ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, saboda haka harsunan da ba su haɗa kaka ba kan faɗo a kan sauti guda.

Hajiya Mai Tarihi:
Bari in ɗauki maganar dodon da aka kashe, don labari ne sananne kuma yana da muhallinsa. A birnin Rouen ne, a arewacin Faransa, bakin kogin Seine. Ana cewa wani dodo mai suna La Gargouille ya addabi mutanen yankin, sai bishop ɗin garin, Romain, wanda ya rayu a ƙarni na 7, ya fita da wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, don shi kaɗai ya yarda ya raka shi. Suka kamo dodon aka ƙona. Wasu masu ba da labarin kan ƙara cewa kai da wuya sun ƙi cin wuta, sai aka kafe su a bangon majami'a, wai daga nan aka fara.

Matsalar ita ce lissafin shekaru. Labarin dodon bai bayyana a rubuce ba sai ƙarshen ƙarni na 14, shekara ɗari bakwai da wani abu bayan rasuwar Romain, kuma kusan shekara ɗari bayan an san kalmar da ma'anar mafitar ruwa. Su kansu duwatsun sun girmi labarin. Ke nan dodon ne ya ci sunan maƙogwaro, ba indararon ne ya ci sunan dodo ba.

Abin da labarin ya yi wa hidima daban ne. A da, malaman babbar majami'ar Rouen na da ikon sakin fursuna ɗaya mai hukuncin kisa duk shekara, a ranar bikin hawan Almasihu sama, kuma da wannan labari suke kafa hujjar ikon a gaban sarakuna da alƙalai. An ci gaba da yin hakan har 1790, lokacin juyin juya halin Faransa.

Ɗalibar Zane:
Na gode Hajiya. To wanda aka fi yaɗa hotonsa fa, na Notre Dame ta Paris, mai ƙaho da fukafukai da ya yi tagumi yana kallon birni?

Hajiya Mai Tarihi:
Wannan ba gargoyil ba ne ko kaɗan, 'yata, kuma ba na zamanin Gotik na asali ba ne. Ruwa ba ya bi ta cikinsa, zaune kawai yake a kan rawanin barandar da ta haɗa hasumiyoyi biyu. Irinsu Faransawa na kiransu chimère, daga sunan wata dabbar tatsuniyar Girka mai haɗe-haɗen jiki. An yi su ne a babban gyaran da masana gini Jean-Baptiste Lassus da Eugène Viollet-le-Duc suka samu aikinsa a 1844, aka kammala a 1864, bayan rasuwar Lassus a 1857. Guda 54 ne a wannan baranda. Mai tagumin ana kiransa Le Stryge, sunan da ya bi shi daga zanen da Charles Meryon ya buga a 1853. An aza harsashin majami'ar a 1163, ke nan ta girmi waɗannan dodanni da kusan shekara 700.

Akwai kalma ta uku da ake cakuɗawa, grotesque. Ita daga Italiyanci ta fito, grotta, kogo. A ƙarshen ƙarni na 15 mutanen Roma suka riƙa zurawa ta ramuka cikin ɗakunan fadar sarki Nero da ƙasa ta binne, suka ga zane-zanen rabin mutum rabin ganye a bango, suka kira su zanen kogo. Daga baya sunan ya faɗaɗa zuwa duk wata siffa mai ban tsoro ko ban mamaki.

Mai Duba Ƙamus:
Ni fa ina da ja a nan. Harshe na masu magana da shi ne. Yau a Ingilishi da Faransanci talaka na kiran duk dodon dutse gargoyil, kuma ƙamusoshi na kawo wannan ma'ana ta biyu. Gaggafan ƙarfe na benen Chrysler a New York, wanda aka gama a 1930, kowa gargoyil yake ce musu. Ita kanta kalmar Gotik ai da farko zagi ce. Marubutan Italiya irin su Giorgio Vasari a ƙarni na 16 suka jingina salon ga ƙabilar Got da ta washe Roma, alhali Got ba su gina ko ɗaya ba, a yankin Paris salon ya tsiro, a cocin Saint-Denis da aka keɓe sashensa na gabas a 1144, kuma a zamaninsa aikin Faransa ake ce masa. Mun karɓi wancan kuskure, me zai hana mu karɓi wannan?

Injiniyan Gini:
A hira, Yallaɓai, ba wanda zai kama ka. Amma a takardar duba gini ban yarda ba. Idan aka rubuta cewa gargoyil shida sun lalace a gefen arewa, mai karatu zai fahimci cewa ruwa na shiga bango a wuri shida, aikin gaggawa ne kafin sanyi. Idan na ado ne suka lalace, haɗarin shi ne gutsure ya faɗo wa mai wucewa, a ɗaure da raga a jira kuɗi. Gyara daban, farashi daban, gaggawa daban. Kalmar Gotik ba ta sa kowa ya yi kuskuren aiki, wannan kuwa tana sawa.

Mai Duba Ƙamus:
Na yarda da wannan iyakar. A bakin masu sana'a a tsaya a kan ma'anar farko.

Injiniyan Gini:
Ga lissafin da ya haifar da shi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɗauki yankin rufi mai murabba'in mita 100, a yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a awa. Lita 5,000 ke nan a awa, kusan lita 1.4 a kowace daƙiƙa. In ka tara wannan a mafita ɗaya sai kwarin ya cika ya tumbatsa. Shi ya sa ake rarraba shi, kowane dogarin bango, wato ginshiƙin da ke tokare bango daga waje, da tasa mafitar, shi ne dalilin yawansu a jere.

Kafin wajen 1220 ruwan manyan majami'u daga bakin rufi yake zuba kai tsaye, ya bi bango. Viollet-le-Duc ya rubuta cewa a majami'ar Laon aka fara ganin gargoyil wajen wannan shekara, gajeru masu kauri, sannan Paris ta biyo baya, kuma cikin 'yan shekaru suka ƙara tsawo da siranta. Abin da ya tilasta hakan shi ne ginin ya yi tsawo, tagogin gilashi sun cinye yawancin bango, dutsen da ya rage siriri ne, ba zai jure jiƙa kullum ba.

Hanyar ruwan a gini irin Notre Dame kamar haka take: daga rufin dalma ya gangaro cikin magudanar dutse da ke kan bango a bayan rawani. Daga nan ya bi ta rami ya sauka a kan bakan tokara, waɗannan bakuna da ke tashi daga waje su dafe bangon tsakiya. A gadon bayan kowane baka an fafe kwari, ruwa ya bi shi ya tsallake rufin gefe, ya isa ga babban dogari na waje, a nan gargoyil ya tofar da shi. Bakan da ke riƙe gini shi ne kuma ke ɗauke da ruwa. A ganina wannan ya fi kowane kan dodo ban sha'awa.

Nisan da ruwa ke faɗawa kuma ana iya ƙiyasta shi. Daga tsayin mita 30 abu kan ɗauki kamar daƙiƙa biyu da rabi kafin ya taɓa ƙasa. Idan ruwa ya fita daga baki da gudun mita 1 a daƙiƙa, zai yi gaba mita biyu da rabi, a ƙara da tsawon dutsen kansa. Wannan idan babu iska ke nan. Iska na farfasa shi ta mayar da feshi jikin bango, kuma babban raunin tsarin ke nan.

Baba Mai Sassaƙa:
Injiniya ya yi maganar ruwa, ni zan yi ta dutse, don abin da ake gani daga ƙasa rabin aiki ne.

Gargoyil dutse ɗaya ne tun daga hanci har wutsiyar da ke binne cikin bango. Mu ɗauki misali: tsawo mita 2, faɗi santimita 35, kauri 40. A dutsen farar ƙasa mai nauyin kilo 2,200 a kowane curi mai mita 1 a tsawo da faɗi da kauri, ɗanyen dutsen ya kai kilo 600. A ce mita 1.2 na waje, santimita 80 na ciki. Bayan sassaƙa, na wajen zai rage kamar kilo 200, tsakiyar nauyinsa na rabin mita daga fuskar bango, ƙarfin da ke son kifar da shi, wato nauyi sau nisa, 100 ke nan. Wutsiya kuma kamar kilo 220, tsakiyarta santimita 40 a ciki, ƙarfin riƙonta 88. Kun ga wutsiya ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da ke riƙe shi nauyin da aka ɗora a kanta ne, rawani ko zankon dutse. Saboda haka duk wanda zai cire duwatsun sama don gyara, sai ya tokare gargoyil daga ƙasa tukuna, in ba haka ba ya tuntsure.

Na biyu, kwanciyar dutse. Dutsen farar ƙasa a mahaƙa shimfiɗa-shimfiɗa yake. Dole tsawon gargoyil ya bi tsawon shimfiɗar. In aka yanko shi shimfiɗun na tsaye a gicciye, wata rana zai ɓalle a wuya kamar an sa wuƙa. Dutse na jure danniya sosai, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kuma a abin da ya miƙo daga bango saman ne ke shan ja, daidai inda muka fafe kwari muka rage nama. Shi ya sa ake barin gefunan kwarin da kauri a kusa da bango, a sirance su zuwa kai, kuma ake sassaƙa ƙafafun dabbar ko wani ɗan mutum a ƙarƙashi yana dafe bango. Tallafi ne aka mayar ado. Maginan Paris na zaɓar shimfiɗa mai tauri da laushin ƙwaya da suke kira liais don irin wannan aiki.

Jerin aikin: a daidaita dutsen ya zama mai kusurwa huɗu, a gyara wutsiya daidai da ramin da za ta shiga, a fafe kwari a huda maƙogwaro tun dutsen na da ƙarfinsa, sannan a fitar da siffa, fuska a ƙarshe. Wanda ya fara da fuska ya dawo huda rami, bugun guduma zai tsinke masa muƙamuƙi. A ƙasa ake yin duk wannan, a ɗaga shi a gama. Kuma tun da daga nesa ake kallo, ana zurfafa ido da baki fiye da ƙima, ƙananan zane ɓata lokaci ne.

Ɗalibar Zane:
Baba, me ya fi kashe su?

Baba Mai Sassaƙa:
Toshewa ce uwar matsala, 'yata. Ganye da gansakuka da kashin tattabaru su cika maƙogwaro, ruwa ya kwanta a kwari, dutse ya sha. Sanyi ya zo, ruwa ya zama ƙanƙara, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa 'yar tsaga. Ya narke, ya ƙara shiga, ya sake daskarewa. Muƙamuƙin ƙasa ne ke fara faɗuwa don shi ne siriri kuma kullum a jiƙe.

Sai ƙarfe. Magabata kan ɗaure duwatsu da ƙarfe su zuba narkakkiyar dalma ta rufe shi. In dalmar ta rufe ko'ina, ya daɗe. In an bar kafa, ko masu gyara na baya sun sa ƙarfe tsirara, tsatsa ta kama, ta kumbura ninkin ƙarfen da ta ci, ta fasa dutsen daga ciki. Alamarsa jan zirin tsatsa da tsaga mai fitowa daga wuri ɗaya.

Sai hayaƙin gawayin kwal na ƙarni na 19 da na 20. Sinadarin farar wuta da ke cikinsa kan haɗu da dutsen farar ƙasa ya zama baƙin ɓawo a wuraren da ruwan sama ba ya wankewa, ƙarƙashin haɓa da ciki. Ɓawon ya yi tauri, bayansa dutsen ya zama gari, rana ɗaya ya ɓare da fuskar gaba ɗaya.

Na ƙarshe siminti, kuma wannan laifin masu gyara ne. Ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita, yana kuma kawo gishiri. Facin siminti zai zauna daram, dutsen da ke kewaye da shi ya ruɓe. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake so, awo 1 ga awo 2 da rabi ko 3, kuma ba a aiki da shi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Injiniyan Gini:
Ƙari a kan na Baba: shimfiɗa dalma a cikin kwarin na maganin yawancin wannan, amma da sharaɗi. Dalma na miƙewa kusan milimita 0.03 a kowace mita ga kowane digiri. Falle mai mita 2, tsakanin sanyin hunturu da zafin rana bambancin digiri 50, motsin milimita 3 ne. In aka kafe ta da ƙusa ta kowane gefe za ta tattare ta tsage. A kafe gefe ɗaya, a bar ɗayan ya yi motsi, a kuma bar leɓenta ya zarce bakin dutsen kaɗan don ɗigon ƙarshe ya faɗi ƙasa, kada ya lallaɓo ta ƙarƙashin haɓa ya koma bango. Bayan an gama a zuba ruwa daga sama a tsaya a ga inda yake bi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, to maganar korar aljanu fa, ba ta da tushe sam?

Hajiya Mai Tarihi:
Fassara ce da ta yaɗu daga baya, kuma siffofin kansu ba sa goyon bayanta duka. A cikinsu akwai karnuka, awaki, aladu, birai, sufayen Kirista, mata masu tulu, masu maye, da mutanen da ke buɗe baki da hannu biyu. Ana yawan kawo maganar malamin coci Bernard na Clairvaux, wanda wajen 1125 ya yi tir da dodannin dutse, yana cewa suna ɗauke hankalin sufaye daga karatu kuma ɓarnar kuɗi ne. Amma shi kan ginshiƙan farfajiyar gidajen sufaye yake nufi, kusan shekara ɗari kafin gargoyil na Laon. Abin lura shi ne babban malamin coci na wancan zamani bai ga kariya a cikinsu ba, shagala ya gani.

Sa wa mafitar ruwa kan dabba kuma ya girmi Kiristanci. Akwai kawunan zaki masu zubar da ruwa a haikalin Dendera da na Edfu a Masar, kuma haikalin Zeus a Olympia ta Girka, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, an jera masa irinsu na marmara a bakin rufi. Abin da maginan Gotik suka ƙara shi ne fito da dukan jikin dabbar waje.

Mai Duba Ƙamus:
Me ya sa aka daina yinsu, tun da suna aiki?

Injiniyan Gini:
Bututun da ke sauko da ruwa har ƙasa ne ya kore su. Tun 1240 sarki Henry na Uku na Ingila ya ba da umarni a sauko da bututun dalma a jikin Farar Hasumiya ta Landan, don kada ruwa ya ɓata farar ƙasar da aka shafa mata. Amma dalma na da tsada, sai abin ya daɗe bai yaɗu ba. Da birane suka cika, ruwan da ke zubo wa masu tafiya a ka da gutsuren dutse da ke faɗowa suka zama abin ƙara, har dokar gini ta Landan ta 1724 ta wajabta bututu a sababbin gine-gine. A Notre Dame ma an cire da yawa a ƙarni na 18 aka sa bututun dalma, shi ya sa yawancin waɗanda ke jikinta yau na gyaran ƙarni na 19 ne. Bututu kuwa na da nasa aibin: in ya toshe ko ya tsage ta bayansa, zai yi shekaru yana jiƙa bango ba wanda ya sani. Gargoyil in ya toshe, ranar ruwa ta farko za ka ga bakinsa a bushe alhali na kusa da shi na zuba.

Ɗalibar Zane:
To idan hoto kawai nake da shi, ta yaya zan bambance?

Baba Mai Sassaƙa:
Duba abu uku. Kwance yake ya miƙo daga bango, ko zaune yake a kan wani abu? Yana daidai da layin magudanar rufi ko ƙarshen bakan tokara? Bakinsa rami ne da ya zarce ciki, ko an ɗan fafe shi ne kawai? In hoton daga sama aka ɗauka, kwarin bayansa zai nuna. Wani lokaci za ki ga guntun bututun dalma ya leƙo daga bakin, wannan yana aiki har yanzu. In kuma kika ga an cushe bakin da kwaɓi, ga bututu na sauka a gefensa, gargoyil ne na gaske da aka sauya wa ruwansa hanya, kuma a takarda haka za ki rubuta shi.